Tsakanin Lamba Biyu

Ƙarfe tara ta gota a Dundee,
yayyafi na ƙwanƙwasa gilashi.
Kowa ya watse, sai ni da Ishbel
da shayin da ya huce tun la'asar.

Fayil ɗin ya zo ba hoto, ba launi,
lambobi zalla, sahu bayan sahu,
kamar kunyoyin gona kafin shuka.
Kowace lamba tsayin wani wuri ce
daga fuskar teku.
Nawa kawai in ce wa manhaja: karanta,
ki ɗinke su uku-uku, ki saƙa raga,
ki ta da ƙasa ta tsaya da ƙafarta.

Na danna.
Tuddan Sidlaw suka fito kamar bayan bushiya,
ƙaya kan ƙaya, ba wurin sa ƙafa.
Ishbel ta leƙo ta saman tabarau,
ta ce a juye na karanta:
kowace lamba baiti biyu ce,
ni kuwa na sa ƙane gaban wa.
Baiti! Na yi dariya ni kaɗai.
Ina zan fara gaya mata
cewa a bakinmu da baiti ake gina waƙa,
kuma can ma, in ka juya shi, ya karye?

Na gyara. Ƙayar ta kwanta.
Sai ga rami a gefen wani tudu,
baƙi ƙirin, rijiya gaba dubu.
Nan ne tauraron ya yi sallama ba a amsa ba,
aka sa lambar da ke nufin ban sani ba,
na'ura ta ɗauka zurfi ake nufi, ta haƙa.
Na aro tsayi daga maƙwabta,
yadda ake aron garwashi ta kan katanga,
na cike gurbin. Ba wanda zai gane.

Kogin Tay ya miƙe shafal,
na kunna rana ta ƙarya daga yamma,
inuwa ta gangara kwaruruka.
Ishbel ta ja rigar ruwanta,
bas ɗin ƙarshe ba ya jiran kowa.

Da ƙofa ta rufe
na sauko da wani fayil da ba na aiki ba.
Kwatarkwashi.
Dutsen ya taso a allo, sumul kamar ƙwarya a kife.
Na juya shi, na sauka kusa, na ƙara kusa,
ina neman tsagar da akuyar Kawu Ɗanjuma ta maƙale,
ranar da muka kwana muna kiranta da tocila.
Babu.
Mita talatin ke tsakanin lamba da lamba.
Gidanmu, da rumbu, da durumin ƙofar gida,
duk sun faɗa tsakanin biyu.
Ta hagu ta ce kaza, ta dama ta ce kaza,
manhaja ta ja layi ta wuce ta kanmu.

Mai gadi ya kashe fitilar baranda,
ya tambaya ko da saura.
Na ce saura kaɗan.
Na bar kibiyar a kan layin nan,
daidai inda nake zaton ɗakin Inna yake.