Biyar, Ba Ƙari

A Duitama, bayan kasuwar dankali,
akwai shagon da ƙofarsa ba ta rufuwa daidai.
Nan Don Evelio ya ɗauke ni aiki
shekarar da na bar gonar babana,
tafin hannuna duk kanta.

Abu guda gona ta koya mini:
in za ki ɗaure, ɗaure har ƙarfe ya yi kuka.
Da wannan ilmi na iso birni,
da shi na fasa sandar sirdin Ferney
ana saura kwana uku tseren hawan dutse.
Ba wata ƙara. Ƙyas kawai,
kamar an taka ɓawon ƙwai.
Ƙarfe kan lanƙwashe ya ba ka haƙuri tukuna,
kabon kuwa a tsaye yake mutuwa.
Kuɗin sandar ya haɗiye albashina na wata biyu.

Tsohon bai yi faɗa ba. Sai da ya shanye kofinsa,
ya jawo aljihun tebur, ya buɗe jan akwati:
wata 'yar sifana, tsawonta taƙi ɗaya,
da lambobi a gindinta sirara kamar sahun tururuwa.

Ya ce, Marleny, duba jikin keken,
ai ya faɗi abin da yake so tun daga masana'anta.
Na goge maiƙo da babban yatsa.
Ga shi kuwa, kusa da notin: biyar.
Shekara nawa rubutun nan yana jiran mai karanta shi?

Murza gindin har layi ya zauna kan biyar.
Share zaren notin, ɗiga masa giris kaɗan.
Fara da yatsu, kar ki kira sifana
sai yatsu sun ce sun gaji.
Riƙe ta a mariƙi, ba a wuya ba,
ki ja sannu, kamar mai zuba zuma a kwalba.
Noti huɗun kan keke kuwa, kar ki bi su a jere:
sama hagu, ƙasa dama, ki tsallaka ki dawo,
kowa ya samu rabonsa kaɗan-kaɗan,
kar ɗaya ya ƙoshi uku na kallo.

Na ja.
Na ja.
Ƙat!
Kan sifanar ya karye a hannuna ya koma daidai.

Kafaɗata ta ce, saura kaɗan, ƙara.
Ya kama mini gwiwar hannu.
Ta riga ta yi magana, in ji shi,
mai hankali ba a faɗa masa sau biyu.

Da yamma ana yayyafi ya ɗage hularsa,
ya nuna mini tabo daga gira zuwa kunne.
Nasa laifin kishiyar nawa ne:
tsoron fasawa ya sa ya bar noti sako-sako,
kan keke ya juya masa a gangaren Sogamoso,
kwalta ta karɓe shi da fuska.
Shekara talatin yana cewa wuyan hannunsa ma'auni ne,
har rawar tsufa ta zo ta ƙaryata shi.

Ranar Lahadi Ferney ya zo na tara.
Ba wanda ya tambayi sunan mai ɗaure noti,
kuma sirdin bai zame ko ƙwayar shinkafa ba.

Yanzu ni ke rufe shago.
Kafin in kashe fitila
nakan warware 'yar sifanar zuwa lambar ƙasa,
don ita ma sifirin cikinta ya kwana a sake.
In sa ta a jan akwatinta,
in dafa ƙofar nan da kafaɗa, da dukan ƙarfin gona,
don ita kaɗai ce a shagon
har yanzu take son a yi mata haka.