Inda Reshe Ya Koma Uwa

Ƙarfe ɗaya saura na dare a Jekadafari,
janareton maƙwabci ya yi tari biyu ya mutu,
batirina saura kashi tara.
Ina laluben kuskure ɗaya a manhajar rabon taki
ta manoman Dadin Kowa:
buhu arba'in ya koma buhu huɗu,
gobe kuwa za su zo da rasit a hannu.

Na buɗe tarihin aikin.
Layi ɗaya ne, sambal, ba kwana ba mararraba.
Mako uku Yila ya yi a kan reshensa,
ya dawo zai haɗa, na'ura ta ga hanya a share,
uwa ba ta motsa ba tun tafiyarsa,
sai ta ɗauki alamar ta tura gaba kurum.
Ba ƙulli. Ba tabo.
Ina ya fara? Ina ya ajiye?
Sawun giwa ya taka na raƙumi.

Na so in kira shi in yi faɗa,
sai na tuna takardar da na bar masa.
Kalma biyar ce: "A haɗa yadda ya dace."
Ni na rubuta, bara, ina sauri
kada mai tsire na bakin tasha ya tashi.

Babana auren mangwaro yake yi a Kwadon.
Ya yanka, ya haɗa, ya naɗe da tsumman leda,
bayan shekara goma ya kama yatsana
ya ɗora a kan kumburin kututture:
"Nan aka ɗaura. Na sama daban, na ƙasa daban.
Ran da 'ya'ya suka yi tsami
ka san wanda za ka tuhuma."
Amma shi ma ba kowane tsiro yake wa aure ba,
wani yakan bar shi ya miƙe abinsa.

Na share kalmomin biyar, na soma da sannu.

In ba ka ce komai ba, na rubuta,
na'ura ce za ta zaɓar maka:
hanya a share, ta tura gaba;
wani ya riga ka taɓa uwa, ta yi ƙulli.
Ba ta yi laifi ba, amma ba ta san zuciyarka ba.

In aikinka mai tsawo ne, mai suna,
wanda wata rana za a so a cire shi ɗungurungum,
ce mata ta ƙulla ko da hanya a share take.
Bar mana kumburin.

In kuwa gyaran harafi ne, ko kana jawo aikin 'yan'uwa,
ce mata: gaba kawai, ko a fasa.
Za ta ƙi ka wani lokacin.
Ƙin nan alheri ne.

Da safe na miƙa wa Dijatu Bappayo,
wadda ta zo mana sati biyu da suka wuce.
Ta karanta tana motsa leɓe, ta tsaya,
ta sa farce a layin ƙarshe:
"To in ta ƙi ni, sai in yi yaya?"

Ban rubuta ba. Wai na ɗauka kowa ya sani.
Na ja kujera, na ƙara layi uku da misali,
ta sake karantawa, ta ce ɗaya ya yi yawa.
Na cire.

Kuskuren takin? Mun same shi wajen azahar,
sifili ɗaya, ya ɓuya a tsakiyar layin Yila.
Shi ya gyara, a sabon reshe.
Da zai haɗa, na ga ya buɗe takardar tukuna,
ya karanta,
ya ƙulla.