Matsar Mai

Ɗana Nafi'u aji huɗu yake,
a firamaren ƙauyenmu, gabas da Jahun.
In ya buɗe littafi bakinsa sai gudu,
kamar injin niƙan Alhaji Bawa,
ba tuntuɓe, ba tsayawa.

Ni ban yi boko ba.
Gyaɗa na sani, da turmi, da tukunya.
Ina jin sa daga bakin murhu,
ina juya ƙuli, kaina yana fasuwa.

Ran da akuyarmu mai farar ƙafa ta kwanta,
babansa ya dawo daga Gujungu
da kwalbar magani da 'yar takarda.
Aka ce, Nafi'u, zo ka karanta.
Ya karanta tas, har lambar wayar da ke ƙasa.
Babansa ya ce, to, cokali nawa?
Yaro ya dubi takarda, takarda ta dube shi.
Tsakar gida ta yi tsit,
akuya ce kaɗai ta yi kukan amsawa.

Da safe na ja mayafi na tafi.
Malama Barira ta matsa mini a benci.
Ta ji ƙorafina duka, sannan ta ce,
Inna, in kin soya gyaɗa kin kai an niƙa,
mai da kansa yake fitowa?
Na ce, ina! Sai ruwan zafi kaɗan-kaɗan,
sai juyi har kafaɗa ta yi tsami.
Ta ce, to ɗanki ya iya niƙa,
abin da ya rage masa matsawa.

Su saba'in da uku ne a ajina,
littafi ɗaya, kawuna biyar a kansa.
Zan tambaye shi da rana gwargwadon iko,
ke ki karɓe ni da dare.
Na ce, ni da ban san baƙi ba?
Ta ce, ai kin san tambaya.
In dillaliya ta shigo da labari rabi,
kina barin ta fita ba ki ji ƙarashensa ba?

Bayan isha muka kunna cocila.
Ya karanta labarin wata yarinya
da kuɗin cefane suka zube mata a hanya,
ta zauna gindin kuka har faɗuwar rana.
Na ce, rufe littafin.
Don me ta ƙi komawa gida?
Ya ce, ba a rubuta ba.
Na ce, sake dubawa.
Ya turo baki: Inna, wallahi ba a rubuta ba!
Na ce, kai da ka fasa mini tulu bara,
a ina aka same ka da magariba?

Ya yi shiru. Ya sosa ƙeya.
Can ya ce, bayan rumbu.
Sai ya zabura: tsoro take ji!
Tsoron faɗa take ji, Inna!
Na dubi idonsa a hasken cocila,
na ga ɗigon farko yana tsattsafowa.

Ba kullum ne muke dacewa ba.
Wani dare barci ke cin mu,
wani dare batir ne ke mutuwa.

Akuyar dai ta tashi, ba da dabararmu ba.
Amma jiya a gonar riɗi
ya riƙe hannun babansa kan maganin feshi:
murfi biyu aka ce, Baba, ba huɗu ba,
kuma ba a yi iska na kaɗawa.

Yanzu ni ce a tsaka mai wuya.
Ko tatsuniya na yi, sai ya ce, don me?
Sai na ce, kai, bari in kwashe tuwo,
in sami lokacin tunawa.