Taku Biyar a Jidda

A asibitin Jidda, hawa na uku,
inda taga ke ba teku baya,
ƙafata ta hagu ta manta sunana.
Jarmila ce ke tuna mata,
Baturiya mai damtsen mai tuƙa tuwon biki,
daga Silobakiya, ƙasar da ta ce
ba ta da teku ko na wanke ƙafa.

Takan fara ƙirga da Larabci, wahid, isnin,
amma da na yi tangaɗi
sai harshen uwarta ya riga ta fita:
jeden, dva, tri, štyri.
Na ce, me kike faɗa wa ƙafata?
Ta ce, lissafi ne kawai, Lantana.

Kawai? A wurinsu biyu ma iri-iri ce.
Maza biyu dvaja, mata biyu dve,
taku biyu kuwa dva,
kowane baƙo da tabarmarsa.
Mu tamu biyun guda ce tal,
ta ishi raƙuma, ta ishi allurai.

Daga biyu zuwa huɗu kroky ake cewa,
kowane taku a tsaye, ana ganin fuskarsa.
Da an kai biyar sai wutsiyar kalma ta juya, krokov,
sun zama tari, gero a mudu,
wa ke gaida ƙwaya ɗaya-ɗaya?
Ta dunƙule hannu a gaban hancina:
päť biyar, päsť dunƙulallen hannu.
Wasu malamansu na zaton 'yan ɗaki ɗaya ne,
wasu sun ce a dai bi a hankali.

Sha ɗayansu, jedenásť, wai ɗaya a kan goma ce,
tsufa ya cinye mata tsakiya.
Na yi dariya har sandata ta faɗi.
Ai mu ma haɗiye goman muke yi
in ciniki ya yi zafi.
Na ce mata ashirin da talatin
aro muka yi wurin masu garin nan,
ba mu mayar ba har yau.
Kakata hauya take cewa, da gomiya uku,
da ita aka binne su.
Mijinta ya tako daga Haɗeja zuwa Sawakin,
shekara bakwai, da jaki ɗaya da ya mutu a hanya,
bai ƙirga taku ko guda ba.

Ni kuwa sati uku ina maƙale a štyri,
huɗu, sai kujera, huɗu, sai kuka.
Yau bayan azahar ƙafar ta ja kanta,
ta sauka a kan layin tayil na biyar
kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta.
Jarmila ba ta ce komai ba.
Ni na ce krokov, da bakina mai karkata.

Gobe shida, in ji ta.
Ban tambayi sunan shidan ba.
In na isa can ma gaisa.