Ɗan Roba

Babana itacen roba yake tsagawa a bayan Kottayam,
tun kafin asuba, da fitila ɗaure a goshi,
farin ruwa na ɗiga a ɓawon kwakwa.
Da wannan ɗigon ya biya min makarantar jinya,
sai ga ni durƙushe gaban mutum-mutumin roba,
ba hannu, ba ƙafa, ba numfashi.

Sista Aleyamma na tsaye a kaina da agogo:
"Sinimol, danna shi kike yi ko lallashi?
Miƙe gwiwar hannu. Saki nauyinki duka.
Haƙarƙari in ya karye yana ɗoruwa,
kabari ne ba ya mayar da abin da aka ba shi."

Kwana biyu muna ƙirga talatin, mu hura biyu,
muna karatun zanen zuciya a allo.
Wannan mai karkarwa kamar kazar da ta jiƙe,
lantarki ne zai tashe shi.
Wancan da ya miƙe ɗoɗar kamar igiyar shanya,
kada ki ɓata wuta a kansa,
hannu da allura ne abokan yaƙinshi.

Na fito tafin hannuna na zogi,
ina ƙunƙuni a tashar mota:
rabin albashina na fari ya tafi a kan ɗan tsana.
Ko sannu bai ce min ba, balle in ji daɗin ceto shi.

Sati bakwai. Daren damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Kunjappan mai jirgin fito, gado na tara,
yana ba ni labarin kifin da ya kuɓuce masa,
bai kai ƙarshen maganar ba
ido ya juye, kofin shayi ya bar hannunshi.

Likita na can ɗakin tiyata, bene biyu tsakaninmu.
Tsoro ya zo, ban hana shi zuwa ba,
ya tsaya a ƙofa yana kallo,
hannuwana sun riga shi.

Ɗaya, biyu, uku. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tafina.
Ban tsaya ba.
Na ji wata murya tana rabon aiki:
"Jomon, jakar iska! Bincy, nemo jijiya, riƙe agogo!"
Ashe tawa ce.
Allo ya nuna kazar nan mai karkarwa,
na gane ta kamar fuskar maƙwabciya.
"Kowa ya ɗauke hannu!"
Wuta ta shiga, ƙirji ya zabura, na koma kanshi.

Minti biyu aka ce. Ni na ga shekara.
Gumi na gangarowa cikin idona,
matarsa Thankamma na bayan labule
tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya.
Sai Bincy ta ɗora yatsu biyu a wuyansa,
ta ɗago ta dube ni, ta kasa magana.
Ƙarƙashin fatar, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da kunya,
bugu ya dawo gidanshi.

Ba kullum ake dacewa ba.
A watan da ya biyo mun yi minti arba'in kan wata malamar makaranta,
ba mu tsallake ko mataki ɗaya ba,
ta tafi.
Na yi kuka a ɗakin wanke hannu,
amma ba kukan da-na-sani ba,
wannan kam an ɗauke min nauyinshi.

Kunjappan ya zo jiya da kifi a ganyen ayaba,
yana ƙorafin haƙarƙarinsa biyu da na karya,
ya ƙarasa min labarin da ya bari a rabi.

Da yamma na bi ta ɗakin horo.
Ɗan roba na kwance, sababbin 'yan mata sun kewaye shi,
ɗaya na shafa ƙirjinsa kamar mai tsoron tashin jariri.
Na ajiye jakata, na durƙusa kusa da ita.
Na ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanwata.
Miƙe gwiwar hannu. Danna shi."