Ranar da Aka Ja Igiya a Tafkin Gidimuni

Ni aka ba bakin igiya
don na fi kowa tsawon ƙafa.
Na shiga, ruwa ya kai mini ƙirji,
Kiyari na gaɓa yana ihu:
"Matsa gabas, kada ka ci mini keji!"

Kejinsa takwas, na kiwon tarwaɗa,
daidai gurbin da babana
ya shekara talatin yana jefa birgi.

Jaɓɓi ya ce ba ruwansa da kifi,
a bar masa mashaya
faɗin shanu arba'in in sun jeru.
Masu rake na son wurin tiyo,
Habsu da ƴan wanki na son dutsensu,
har mai bulo ya zo da takarda mai hatimi.

Sarkin Ruwa Tankari bai ce uffan ba.
Goro yake ci, yana kallon jarkokin
da muke ɗaurawa, ja nan, fara can,
kamar ana yi wa tafki tsagar gado.

Da la'asar aka shafa fatiha.

Da dare na dawo neman takalmina.
Iska ta juya, igiya ta yi ciki,
jarkar Kiyari na cikin rabonmu,
tamu ta tafi gaida shanu.
Wata karfasa ta tsallake iyaka,
ba ta nemi izinin kowa ba.

Na tsinci takalmin a gindin dabino,
inda bara muke ɗaure kwalekwale.
Ƙasar wurin har ta tsattsage.
Wannan kuwa ba wanda ya auna.