Mai Raɗa a Bayan Labule

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a bayan labule,
littafi a cinya, 'yar fitila kamar idon mage.
Aikina ɗaya: in ta manta, in raɗa mata.
Bijoli Kundu ba ta mantuwa.
Albashina a banza na ci, ta sani, na sani.

Daga Barisal ta zo, shekarar da aka tsaga ƙasa biyu,
tana 'yar tara, riƙe da gefen sarin uwarta
da tukunyar tagulla guda.
Wata huɗu suna kwana a daɓen tashar Sealdah.
Can, in ji ta, ta koyi sana'a:
ta ga yadda mace ke kuka in ana kallo,
ta ga yadda take yi in ba kowa.
"Ba ɗaya ba ne, Nitai. Na biyun ba shi da murya."

Ta bi 'yan jatra ƙauye-ƙauye,
keken shanu, laka har gwiwa,
fage a gonar shinkafar da aka girbe,
a fara da dare, a tashi da carar zakara.
Babu lasifika. Sai ka jefa magana
ta faɗa kunnen mai gyaɗa a can ƙarshen taro.

Sai Kalkata, sai gidan wasan Hatibagan.
Alhamis, Asabar, Lahadi sau biyu.
Dare ɗari biyar tana mutuwa a hannun mutum ɗaya,
tana tashi, ta goge jan ƙafarta,
ta nemi shayi a kofin laka.
Mazan da suka jefa mata furanni da daddare
su ne da safe suka hana ta hayar ɗaki:
'yar wasa ba ta zama gidan mutunci.
Ba ta ce uffan ba. Ta kwaikwayi tafiyar mai gidan
a wasan mako mai zuwa, gari ya yi ta dariya,
har da shi, a layi na biyu.

A Tollygunge mai shirya fim ya ce, "Rage.
Kyamara ba kurma ba ce."
Ta rage, ta rage, har ta mayar da ihun gona
cikin fatar ido guda.
Fim uku tana budurwa. A na huɗu
aka zuba mata hoda a ka, ta zama uwar jarumin
da ya girme ta da shekara biyar.
"Yau na haifi yayana," ta ce, tana cire ƙayar kifi.
Lambar yabon da aka ba ta
tana ƙarƙashin ƙafar tebur, don ya daina rawa.

Daren ƙarshe: mutum arba'in da uku,
rufi na yoyo cikin bokiti.
Gobe za a fara rushewa, a gina kanti.
A fitowa ta uku ta tsaya.
Shiru. Ɗigon ruwa kawai.
Na duba littafi, hannuna na kyarma,
na raɗa: *Fitilar nan, wa ya kunna ta?*
Ta ɗauka, ta kai shi har ƙofar waje.
Daga baya ta ce, "Kar ka yi girman kai.
So na yi ka ci halal sau ɗaya."
Na yarda. Ko ban yarda ba.

Yanzu tana Baranagar, ɗaki ɗaya, taga na kallon kogi.
Duk Alhamis nakan hau bas in je.
Ba ta san sunana ba. Jiya ta tambaye ni
ko jirgin Barisal ya iso.

Sai in matsa kusa, in sunkuya kamar da,
in ba ta rabin layi.
Ta gyara zama. Ta ɗaga haɓa.
Sauran rabin ya fito cif,
da ƙarfin da masu kwalekwale ke ɗago kai.